Kwale-kwalen dala dubu 250 da jirgin dala biliyan 2: muhawarar zauren Hausawan Legas

Malamin Agege:
Assalamu alaikum, 'yan zaure, barkanmu da warhaka. Ina so mu tattauna yadda ƙananan jirage da kwale-kwale marasa matuƙa suke neman sauya fasalin yaƙin teku, da kuma abin da hakan zai yi wa kuɗin da ƙasashe suke zubawa a harkar tsaro. Lokacin da Rasha ta afka wa Yukren a watan Fabrairun 2022, Yukren ba ta da abin da za a kira rundunar ruwa, har ma babban jirginta guda ɗaya da hannunta ta nutsar da shi a tashar Mykolaiv don kada ya faɗa hannun abokan gaba. Amma kafin a cika shekara biyu, wannan ƙasa da ba ta da jirgi ita ce ta tilasta wa Rasha kwashe yawancin jiragenta daga sansaninta na Sebastopol da ke Kirimiya zuwa Novorossiysk, can gabashin tekun Bahar Aswad. A farkon 2024 kaɗai, kwale-kwalen da ake kira Magura V5 sun nutsar da jirgin Ivanovets ranar 1 ga Fabrairu, suka bi da Caesar Kunikov ranar 14 ga watan, sannan Sergey Kotov a farkon Maris. Tsawon kowane kwale-kwale kamar mita biyar da rabi ne, ana ƙiyasta kuɗinsa a kan dala dubu 250 ko sama da haka kaɗan, kuma da dare ake turo su, shida zuwa goma a lokaci guda, su yi wa jirgi taron dangi, na farko ya huda gefensa, na bayansa su nufi wannan hujin.

Idan abin da kuɗinsa bai kai na gida ɗaya a Ikoyi ba zai iya aika jirgin yaƙi ƙasan teku da mutanen da ke cikinsa, to ni a ganina zamanin manyan jiragen ruwan yaƙi ya kusa ƙarewa, kuma ƙasa irin tamu da ba ta da rarar kuɗi ya kamata ta daina mafarkin sayen su. Ina neman masana su yi mini gyara ko su ƙara mini haske.

Ejan Apapa:
Wa alaikumussalam, Malam. Mu da muke aikin fito da kaya a Apapa da Tin Can mun ji ɗumin wannan abu a jikinmu, sai dai ta Bahar Maliya ya biyo mana. Tun da 'yan Huthi na Yaman suka kama jirgin Galaxy Leader ranar 19 ga Nuwamban 2023, suka kuma shiga harbin jiragen kasuwa da makamai masu linzami da jirage marasa matuƙa, manyan kamfanonin dakon kwantena suka ƙaurace wa mashigin Suwez suka koma zagayowa ta Afirka ta Kudu, abin da ke ƙara wa tafiya kwana goma zuwa mako biyu. Masar da ta samu sama da dala biliyan 10 daga Suwez a 2023, abin da ta samu a 2024 bai wuce kimanin biliyan 4 ba. Jirgin Rubymar ya nutse a Maris na 2024, Tutor ya bi shi a Yuni bayan wani kwale-kwale maras matuƙi ya dake shi, sannan Magic Seas da Eternity C a Yulin 2025.

Da yawa daga cikin abokan cinikinmu sun zaci abin bai shafe mu ba, tunda kayan Sin da ke zuwa Legas dama ta kudancin Afirka suke bi. Amma da tafiyar Asiya zuwa Turai ta yi tsawo, sai kamfanonin suka buƙaci ƙarin jirage a wannan layi, kwantenonin da babu komai a ciki suka daina komawa Sin a kan lokaci, kuɗin dako ya yi tashin gwauron zabi a ko'ina. A tsakiyar 2024 akwai wani Alhaji mai kawo yadi daga Guangzhou zuwa Kantin Kwari da ya turo mini takardar kuɗin dakon kwantenarsa mai ƙafa 40, ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin wani sabon caji da bai taɓa gani ba, yana tambaya ko ni na ƙara. Sai da na zauna na yi masa bayanin inda Babul Mandab, ƙofar shiga Bahar Maliya kusa da Yaman, yake kafin ya yarda babu hannuna a ciki.

Injiniya Ikeja:
Abin da Ejan Apapa ya faɗa yana da wani ɓangare da ya fi shafar tambayar Malam, wato lissafin kuɗin kare kai. Jirgi maras matuƙi samfurin Shahed-136 ƙirar Iran, masana suna ƙiyasta kuɗinsa tsakanin dala dubu 20 zuwa dubu 50. Makamin SM-2 da jiragen ruwan Amurka suka riƙa harbo irin waɗannan jirage da shi yana kai wa dala miliyan 2, shi kuwa SM-6 yana haura miliyan 4. Faransa ma da jirginta Languedoc ya kakkaɓo jirage marasa matuƙa a Disamban 2023, makamin Aster ya harba, wanda kowane ɗaya ya wuce yuro miliyan 1. A watan Afrilun 2024 sakataren rundunar ruwan Amurka na lokacin, Carlos Del Toro, ya shaida wa majalisar dattawa cewa makaman da suka harba a yankin sun tasam ma dala biliyan 1.

Amma ni tsadar ba ita ce ta fi ɗaukar hankalina ba. Jirgi samfurin Arleigh Burke, wanda ake ƙera shi a kan sama da dala biliyan 2, ramukan harba makamai 90 zuwa 96 ne a jikinsa, ba duka ne kuma ake cikawa da makaman kakkaɓo jirage ba. Idan suka ƙare, a al'ada dole jirgin ya bar fagen daga ya nufi tasha mai kuren a sake loda masa, domin saka makami mai nauyin fiye da tan ɗaya cikin rami a kan teku mai kaɗawa aiki ne mai hatsari. Ranar 16 ga Disamban 2023 jirgin USS Carney shi kaɗai ya harbo jirage marasa matuƙa 14. Wanda ya iya turo ɗari a dare ɗaya, ya kuma maimaita washegari, ba sai ya nutsar da jirgin ba, ya ishe shi ya ƙarar masa da makamai ya kore shi daga wurin. Masana'antun da ke ƙera waɗannan makamai kuwa 'yan ɗaruruwa suke fitarwa a shekara, alhali Rasha tana ƙera irin Shahed dubbai a wata.

Tsohon Sojan Ruwa:
Malam na Agege, Allah ya ƙara basira, amma ina ganin ka yi saurin yanke hukunci. Ni da na shafe shekaru ina aiki a kan ruwa, wannan ba shi ne karo na farko da na ji an yi wa babban jirgi jana'iza tun yana raye ba. A shekarun 1880 wasu hafsoshin Faransa ƙarƙashin Admiral Aube sun yi irin wannan magana, suka ce ƙananan kwale-kwale masu ɗauke da makamin tofido, wanda ke tafiya a ƙarƙashin ruwa, sun gama da manyan jiragen Ingila. Abin da ya biyo baya shi ne aka ƙirƙiro bindigogi masu saurin harbi da manyan fitilun haska teku, aka kuma ƙera wani sabon nau'in jirgi musamman don farautar waɗannan kwale-kwale, wanda jikokinsa ne Injiniya yake ambata yanzu. A 1967 da ƙananan jiragen Masar suka nutsar da jirgin Isra'ila mai suna Eilat da makami mai linzami, an sake cewa an gama. Yau shekara kusan sittin ke nan ana ci gaba da ƙera manyan jirage.

Sannan a duba yanayin wuraren da ake kafa hujja da su. Bahar Aswad rufaffen teku ne, tsakanin Odesa da Sebastopol kimanin kilomita 300 ne kacal, kuma Turkiyya ta yi amfani da yarjejeniyar Montreux ta 1936, wadda ta ba ta iko da mashigar tekun, ta hana jiragen yaƙi shiga, saboda haka duk jirgin da Rasha ta rasa ba ta da halin kawo madadinsa daga waje. Babban jirginta Moskva da ya nutse a Afrilun 2022 kuwa makaman Neptune masu linzami ne suka kashe shi, ba kwale-kwale ba. A Bahar Maliya ma, duk da yawan harbin da 'yan Huthi suka yi, jiragen kasuwa da ba su da kariya suka nutsar, ba su nutsar da jirgin yaƙi ko ɗaya ba. Kwale-kwale mai tsawon mita biyar ba zai yi sati uku a tsakiyar Atlantika yana fama da igiyar ruwa mai tsayin bene ba.

Game da lissafin Injiniya, kwamandan jirgi ba ya auna makaminsa da kuɗin abin da ke tahowa, yana auna shi ne da abin da zai rasa idan ya bari ya iso, wato jirgin biliyan 2 da rayuka kusan 300. A Oktoban 2000 ƙaramin kwale-kwale ɗaya da mutum biyu a ciki ya kashe sojoji 17 a jirgin USS Cole a tashar Aden. Babu kwamandan da zai tsaya tattalin makami bayan ya san wannan tarihi.

Babban abin da nake so a riƙe shi ne, hana abokin gaba amfani da teku daban, mallakar teku daban. Jirgi maras matuƙi ya iya na farko. Amma raka jiragen kasuwa, da tsayar da jirgi a hau a bincike shi, da kai dakaru da motocinsu wata ƙasa, da kwaso 'yan ƙasa idan rikici ya ɓarke, duk waɗannan sai da jirgi mai mutane.

Ɗalibar Akoka:
Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya, ina neman izinin yin ƙari a kan bayaninka, kuma ƙarin nawa zai taimaki ɓangarorin biyu. Hare-haren da muka gani zuwa yanzu, akasarinsu kowane kwale-kwale yana da mutum zaune a gaban allo a wani ɗaki yana tuƙa shi ta hanyar tauraron ɗan'adam, yana kallon abin da kyamararsa ke gani. Wato kwale-kwale goma na buƙatar matuƙa goma da layin sadarwa goma, kuma duk wanda ya iya toshe siginar ya makantar da su. Wannan ne ya taƙaita yawansu. Abin da ake ta bincike a kansa yanzu a Amurka da Sin da Turkiyya shi ne a saka musu ƙirƙirarriyar basira ta yadda mutum ɗaya zai ba ɗari umarni, su raba aiki a tsakaninsu, su gane jirgi da siffarsa, su ci gaba da tafiya ko an yanke musu sadarwa. Idan aka kai nan, misalan tarihi da Baba ya kawo za su yi rauni ta fuska ɗaya, domin kwale-kwalen tofido na wancan zamani mutane ne a cikinsu, ana iya tsorata su, kuma horar da madadinsu na ɗaukar shekaru, shi kuwa wannan ba ya tsoro, ba a kuma yi masa zaman makoki.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, arhar da Malam yake magana a kai ba cikakkiyar arha ba ce. Kafin a tura kwale-kwalen sai an san inda jirgin yake a cikin faɗin teku, wannan kuwa aikin taurarin ɗan'adam ne da jiragen leƙen asiri masu tsadar gaske, waɗanda Yukren take cin moriyarsu daga ƙawayenta. Su 'yan Huthi sun samu sauƙi ne saboda jiragen kasuwa da kansu suke shelanta inda suke ta na'urar AIS, wadda kowa zai iya dubawa a intanet, ga kuma zargin da Amurka ta yi cewa jirgin Iran mai suna Behshad yana ba su bayanai.

Malamin Agege:
Baba, na karɓi bambancin da ka kawo tsakanin hana amfani da teku da mallakarsa, amma ina da ja a wuri ɗaya. Bayan Rasha ta fice daga yarjejeniyar fitar da hatsi a Yulin 2023, Yukren ta buɗe tata hanyar daga Odesa ta bi gaɓar Romaniya da Bulgeriya, jiragen alkama da masara suka ci gaba da fita ba tare da wani jirgin yaƙi ya raka su ba. Wanda ya kori abokin gaba har kasuwancinsa ya dawo, ai ya samu yawancin amfanin da ake nema a wajen rundunar ruwa.

Injiniya Ikeja:
Wannan haka yake, Malam, amma a lura da yadda farashin ke hawa da zarar ɗaya ɓangaren ya farka. Da Rasha ta ga abin ya yi yawa sai ta koma farautar kwale-kwalen da jirage masu saukar ungulu, ta girke shinge da raga a bakin tashoshinta, nasarar hare-haren ta ragu sosai. Yukren ta mayar da martani ta ɗora wa kwale-kwalen makaman kakkaɓo jirgi: ranar 31 ga Disamban 2024 Magura V5 ya harbo jirgi mai saukar ungulu samfurin Mi-8, a Mayun 2025 kuma Magura V7 ya harbo jirgin yaƙi Su-30. Abin burgewa ne, amma kwale-kwalen ya ƙara girma, ya ƙara nauyi, ya ƙara tsada, kuma yanzu ana so ya dawo gida maimakon ya fashe. A hankali yana komawa ƙaramin jirgin yaƙi.

Masu kare kai su ma suna neman hanya mai arha. Birtaniya ta gwada makamin hasken lesa mai suna DragonFire a Janairun 2024, ta ce kowane harbi bai wuce fam 10 ba, tana kuma shirin ɗora shi a jiragenta daga 2027. Sai dai lesa tana buƙatar wutar lantarki mai yawa, hazo da ruwan sama da tururin teku suna rage mata ƙarfi, kuma sai ta tsaya a kan abu ɗaya na wasu daƙiƙu kafin ta ƙona shi, wanda hakan matsala ce idan talatin ne suka taho tare. Shi ya sa tsohuwar bindigar igwa mai harsashin da ke fashewa kusa da abin hari ta dawo da darajarta.

Hajiya Akanta, Obalende:
Ni ta fuskar kasafin kuɗi zan shigo, domin a nan ne nake ganin Malam zai sha mamaki. Duk wanda yake tsammanin arhar waɗannan jirage za ta rage kuɗin tsaro, alƙaluma ba su goyi bayansa ba. Cibiyar binciken harkokin tsaro da zaman lafiya ta SIPRI da ke birnin Stockholm ta ce duniya ta kashe dala biliyan 2,718 a harkar soja a 2024, ƙarin kashi 9.4 cikin ɗari a kan shekarar da ta gabata. A Yunin 2025 ƙasashen NATO sun amince a birnin Hague su kai kashi 5 cikin ɗari na arzikin da suke samarwa kafin 2035. Shirin Replicator da mataimakiyar sakataren tsaron Amurka ta lokacin, Kathleen Hicks, ta sanar a Agustan 2023, na samar da dubban na'urori marasa matuƙa, kimanin dala biliyan 1 aka tsara masa a shekara biyu, a ƙasar da kasafin tsaronta ya wuce biliyan 800 a shekara, wadda kuma jirginta ɗaya mai dakon jiragen yaƙi, Gerald R. Ford, ya ci kusan biliyan 13.

Babu wata babbar ƙasa da ta soke manyan jiragenta. Abin da suke yi shi ne ƙari a kan ƙari: a sayi jirgin, a sayi marasa matuƙan, a kuma sayi abin da zai kare jirgin daga marasa matuƙan abokin gaba. Har ma sabon nau'in babban jirgi abin ya haifar. Turkiyya da aka cire ta daga shirin jirgin saman yaƙi na Amurka F-35 a 2019 ta mayar da jirginta Anadolu mai dakon marasa matuƙa, Bayraktar TB3 ya tashi ya kuma sauka a kansa a Nuwamban 2024. Iran ta gyara jirgin dakon kwantena ta ƙaddamar da shi da sunan Shahid Bagheri a Fabrairun 2025. Sin ta saka jirginta Sichuan a ruwa a Disamban 2024.

Inda nake ganin canji na gaskiya shi ne yanayin kashe kuɗin. Jirgin ruwa ana sayensa sau ɗaya a yi shekara talatin ko arba'in ana amfani da shi. Jirgi maras matuƙi kuwa, wanda aka saya bana yana iya zama tarkace baɗi saboda an gano yadda za a toshe siginarsa. Cika sito da su asara ce. Abin da ake biya shi ne masana'anta da injiniyoyin da za su riƙa sauya ƙirar duk bayan 'yan watanni, wannan kuwa kuɗi ne na kullum kamar albashi, kuma tsarin ba da kwangila na gwamnati, wanda takarda ke shekara tana yawo daga tebur zuwa tebur, bai dace da shi ba ko a Turai, balle a nan.

Ɗan Mile 12:
Ina biye da ku tun farko, kuma na ƙaru ƙwarai. Amma ina roƙon manyanmu su sauko da maganar gida. Nijeriya ba ta yaƙi da rundunar ruwan kowace ƙasa, matsalarmu 'yan fashin teku ne da ɓarayin ɗanyen mai da masu satar kifi. Shin wannan batu ya shafe mu kai tsaye, ko kuwa labarin manyan ƙasashe ne kawai?

Tsohon Sojan Ruwa:
Ɗana, ya shafe mu, kuma ta ɓangaren da ba shi da daɗi, domin a wannan lissafi mu ne masu manyan kadarori a kan ruwa, ba mu ne masu kwale-kwalen ba. A Yunin 2008 mayaƙan ƙungiyar MEND ta yankin Neja Delta sun shiga kwale-kwale masu gudu suka je har tashar haƙar mai ta Bonga, kimanin kilomita 120 daga gaɓa, wurin da ake ganin babu mai iya kai wa, aikin haƙo mai ya tsaya. A Yulin 2009 suka zo nan Legas suka kai hari ma'ajiyar mai ta Atlas Cove. A wancan lokaci sai da mutane suka sa ransu a kasada. Yau ga tashar Lekki, ga matatar Dangote mai tace ganga dubu 650 a rana da wuraren lodinta a cikin teku, ga jiragen da ke jere a waje suna jiran layi. Daga Borno kuma tun ƙarshen 2024 ake samun rahotannin mayaƙan ISWAP suna ɗaura bam a ƙananan jiragen da ake sayarwa a kasuwa. Ilimin ya riga ya shigo ƙasa.

Bari in gaya muku yadda gadin dare yake a bakin ruwan Legas. Kana tsaye a ɗakin tuƙi an kashe fitilu, allon rada cike da ɗige-ɗige, yawancinsu kwale-kwalen katako ne na masunta, wasu da ƙaramar fitila, wasu babu, wasu ma radar ba ta kama su sai sun matso saboda katako ba ya mayar da sigina sosai, igiyar ruwa kuma tana ɓoye su. Sai ka ji ƙarar inji daga dama, ka ɗaga tabarau mai hangen nesa ba ka ga komai ba sai farin kumfa. Abin da ke gudun kilomita 70 a awa, idan ka hango shi a nisan kilomita ɗaya, abin da ya rage maka bai kai minti ɗaya ba. A cikin wannan lokaci za ka tantance ko masunci ne ya makara, ko mai fasa-ƙwaurin fetur ne, ko kuwa ajali ne.

Ejan Apapa:
Baba ya taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. A 2020, cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a tekunan duniya, 130 a mashigin tekun Gini aka sace su. Bayan ƙaddamar da shirin tsaron teku na Deep Blue na hukumar kula da sufurin jiragen ruwa ta NIMASA a nan Apapa a Yunin 2021, wanda ya ci dala miliyan 195, da tsarin sa ido na Falcon Eye na sojan ruwa, fashin ya ragu ƙwarai. Duk da haka shekaru aka yi hukumomi suna kokawa cewa kamfanonin inshora na ƙasashen waje ba su janye ƙarin kuɗin hatsarin yaƙi da suke ɗora wa jiragen da ke zuwa Nijeriya ba. To idan hakan ta faru bayan an samu sauƙi, ku ƙiyasta abin da zai biyo baya ranar da kwale-kwale ɗaya maras matuƙi ya daki tankar mai a gaban Lekki, ko da bai nutsar da ita ba. Washegari farashin dakon komai zai tashi, daga alkama har maganin asibiti.

Injiniya Ikeja:
Akwai kuma damar da bai kamata mu raina ba. Gaɓar tekunmu kilomita 853 ce, ga yankin tattalin arziki na mil 200 a cikin teku, babu adadin jiragen da za mu iya saya da zai rufe wannan fili. Na'urori marasa matuƙa na sintiri, na sama da na kan ruwa, su ne hanya mafi arha ta sanin abin da ke gudana, sannan a tura jirgi mai mutane inda aka ga alamar matsala maimakon ya yi ta ƙona dizal yana yawo. Ƙera gangar jikin ba zai gagare mu ba: ma'aikatar ƙera jiragen sojan ruwa da ke Victoria Island ta fitar da NNS Andoni a 2012, Karaduwa a 2016, da Oji a 2021, sojan sama kuma sun ƙaddamar da jirgi maras matuƙi mai suna Tsaigumi a Kaduna a 2018. Wanda ya ƙera jirgi mai tsawon mita 40 ba zai kasa ƙera kwale-kwale mai mita shida ba.

Hajiya Akanta, Obalende:
Injiniya, gangar jikin ita ce mafi arha a cikin kayan. Inji da kyamarar ganin dare da na'urar sadarwa da ƙananan sassan lantarki duk da dala za a shigo da su, kuma mai tauraron da kake hawa kansa yana iya rufe maka layi ranar da ya ga dama. Sannan tarihinmu ya nuna mun fi iya saye a kan kulawa. NNS Aradu da aka ƙera a Jamus ya shiga aiki a 1982 a matsayin jirgin da babu kamarsa a wannan yanki, amma ya shafe shekaru masu yawa a ɗaure a tasha yana jiran gyara. Idan ba a ware kuɗin gyara da horo da kayan maye a kasafin kowace shekara ba, marasa matuƙan ma haka za su ƙare, sai dai su nasu lalacewar ba za ta fito fili ba saboda a cikin sito za su ruɓe.

Lauya, Idi-Araba:
Ina so in ƙara abin da ba a taɓo ba, wato shari'a. Aikin da ke gabanmu a teku yawancinsa aikin kama mai laifi ne, ba na hallaka abokin gaba ba. Dokar yaƙi da fashin teku ta 2019 ta yi amfani ne saboda an kamo mutane da ransu an gurfanar da su, kamar mutum goma da Babbar Kotun Tarayya ta Legas ta ɗaure shekara 12 kowanne a Yulin 2021 saboda fashin wani jirgin kamun kifi na Sin. Na'ura ba ta sa wa mutum ankwa, ba ta kuma tsayawa a gaban alƙali ta ba da shaida, ko da yake hoton da ta ɗauka hujja ce mai ƙarfi. Game da abin da 'yarmu ta Akoka ta ambata na barin na'ura ta zaɓi abin hari da kanta, a ruwan da masunta suka cika kamar yadda Baba ya siffanta, ranar da ta yi kuskure wa za a tuhuma, kwamandan da ya tura ta, ko kamfanin da ya rubuta mata manhaja? Majalisar Ɗinkin Duniya ta shafe fiye da shekara goma tana tattauna wannan batu a Geneva ba a kai ga yarjejeniya mai ɗaure kowa ba.

Malamin Agege:
Na gode muku duka. Har yanzu ina kan bakana cewa idan aka ba ni zaɓi tsakanin babban jirgin yaƙi guda ɗaya na alfahari da kuma jiragen sintiri matsakaita tare da na'urorin sa ido masu yawa, na biyun zan ɗauka wa Nijeriya. Baba, da kai ne mai rabon kuɗin, da me za ka fara?

Tsohon Sojan Ruwa:
A wannan zaɓi ba mu da saɓani, Malam, kuma jiragen sintiri biyu masu tsawon mita 76 da aka ba kamfanin Dearsan na Turkiyya kwangilarsu a 2021 suna kan wannan hanya. Amma kafin in sayi sabon abu, zan fara da jiragen da muke da su: a ɗora wa kowanne kyamarar da ke ganin zafin inji a cikin duhu, da bindiga mai milimita 30 da na'ura ke saita ta, da na'urar toshe sigina, sannan a riƙa fitar da yara atisayen dare ana sako musu kwale-kwalen gwaji ba tare da an sanar da su lokaci ba. Bayan haka zan sa shingen ruwa a kewayen Atlas Cove da wuraren lodin mai, in kuma zauna da shugabannin masunta a yi wa kwale-kwalensu rajista a ba su ƙaramar na'urar da ke nuna ko su wane ne, domin ɗigon da ba shi da suna a allo ya zama shi kaɗai ne abin zargi.

Ejan Apapa:
Shingen zai yiwu a Atlas Cove da wuraren lodin mai, Baba, amma ban da bakin mashigar tashar kanta. Duk jirgin da zai shiga Apapa ko Tin Can ta wannan ƙofa ɗaya yake bi, tsakanin dogayen shingayen duwatsun nan biyu, tare da baji-bajin da ke kwashe kwantena zuwa Ikorodu da kwale-kwalen fasinja masu zuwa Tarkwa Bay. Sebastopol tashar soja ce, ana iya ja mata raga a buɗe lokacin da aka so. A nan kuwa duk awa ɗaya da jirgi ya ƙara yana jira a waje damarej ne, wato cajin jinkiri, kuma a kan mai kaya yake ƙarewa. Idan har za a yi rajistar da kake magana, sai a haɗa da masu baji da masu kwale-kwalen haya, a kuma fayyace tun farko hukumar da za ta riƙe rajistar tsakanin sojan ruwa da NIMASA da hukumar tashoshin jiragen ruwa da ta hanyoyin ruwan cikin gida, domin a yanzu kowaccensu tana da nata iko a kan wannan ruwa.